MATACIN ISKA: ABIN DA YA KAMATA MAI RUBUTA TAKARDAR SAYE YA SANI

A cikin watan Janairu na 2021, sa'ad da cutar korona ta tsananta har iskar numfashi ta zama abin nema a asibitoci, marigayi Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya yarda a kashe Naira biliyan 6.45 domin a kafa injunan yin iskar oksijin a wurare 38 cikin Nijeriya. Bayan shekara biyu, watau cikin watan Mayu na 2023, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da shawara cewa kowace ƙasa ta ƙara himma wajen samar wa majinyata wannan iska. Duk wannan an buga shi a jaridu, jama'a kuwa sun yi murna. Abin da ba mu ji ana magana a kansa ba shi ne wani ɗan ƙaramin abu da ke maƙale a jikin bututu, wanda in ya lalace, injin na miliyoyin Naira sai ya bi shi. Wannan abu shi ne matacin iska, wanda makanikai su ke kira filta. A kansa mu ke so mu yi magana yau, musamman da akawuna masu rubuta takardun saye da na kwangila, da malaman makarantun koyon sana'a, gama a hannunsu maganar ta ke, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ba asibiti kaɗai abin ya shafa ba. Tun da Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har aka buɗe su a Disamba na 2020, masana'antun gyaran shinkafa suka yawaita a Kano da sauran garuruwan Arewa. A cikin kowace babbar masana'anta irin wannan akwai wani inji mai tsince shinkafa, yana da ido kamar na kyamara, da ya hango baƙar ƙwaya ko tsakuwa sai ya hure ta gefe da iska mai ƙarfi, cikin ƙiftawar ido. Haka kuma masu hura kwalaben roba, da masu fentin motoci, da injunan saƙa na zamani waɗanda iska ce ke jefa musu zare. Dukansu uwarsu ɗaya, watau injin matsa iska, kwamfuresa. Shi ke zuƙar iskar nan da mu ke shaƙa, ya matse ta, ya tura ta cikin bututu zuwa inda za ta yi aiki.

To, a nan wahalar ta ke. Injin ba ya zaɓe, abin da ya tarar a iska shi ya ke haɗiyewa. Ana auna ƙarfin matsi da wani ma'auni da a ke kira bar, bar 1 kuwa kusan daidai ya ke da nauyin iskar sararin nan da ke kanmu kullum. Yawancin masana'antu suna aiki da bar 7 ne. Ma'anarsa ita ce an cusa iskar ɗaki takwas cikin ɗaki ɗaya. Saboda haka duk ƙazantar da ke cikin ɗakunan nan takwas ta taru a wuri guda.

Ƙazantar iri uku ce: ƙura, da ruwa, da mai.

Ƙura dai ba sai mun gaya wa mutumin Arewa labarinta ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ta daga Sahara, galibi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Masana sun shaida babu wani wuri guda a duniya da ya kai wannan kwari fid da ƙura. Ana auna ƙwayar ƙura da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum wajen maikuron 70 ne, ƙurar da ke yin hazo kuwa da yawa daga cikinta ba ta kai maikuron 10 ba. Akwai mataci a bakin injin inda ya ke zuƙar iska, amma aikinsa tsaron injin ne kawai, ƙananan ƙwayoyi suna wuce shi. Daɗin daɗawa, bututun ƙarfe da tankin ajiyar iska su ma suna haifar tasu ƙurar, ta tsatsa.

Ruwa shi ne wanda mutane ba su cika yarda da yawansa ba sai an yi musu lissafi, don haka ga lissafin, malamai ma suna iya ba yara shi a aji. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa kamar giram 30 a kowace kubik mita. A ce ranar damina ce, laima ta kai kashi 80 cikin 100, watau giram 24 ke nan. A ce kuma injin yana zuƙar kubik mita 10 a minti ɗaya, wanda ba wani babban inji ba ne. A cikin awa 8 ya sha ruwa fiye da lita 100. Idan aka matsa iskar zuwa bar 7 aka bar ta ta huce zuwa digiri 35, ba za ta iya riƙe ko rubu'in wannan ruwa ba, sai kimanin lita 90 su sauko su zama ruwa sosai. Jarka huɗu da rabi ke nan a wuni guda. In ba a fid da shi ba, cikin bututu zai bi, ya tsatsar da ƙarfe, ya wanke man da ke jikin kayan aiki, ya ɓata fenti, ya kuma zama gidan ƙwayoyin cuta.

Mai kuwa daga cikin injin kansa ya ke fitowa, domin yawancin kwamfuresoshi da mai a ke sanyaya su, a ke kuma hana ƙarfe cin ƙarfe. Yana fita ta hanya biyu, kuma wajibi ne a rarrabe su, gama a nan mutane da yawa su ke yin kuskure. Akwai wanda ke fita kamar feshi, ƙananan ɗigo masu yawo cikin iska. Akwai kuma wanda zafi ya mai da shi tururi, ba a ganinsa, sai dai a ji warinsa. Matacin da ke kama na fari ba ya kama na biyu ko kaɗan.

Wani zai ce, to, a sayi inji marar mai mana, a huta. Lalle akwai su, suna da kyau, sun kuma fi tsada. Amma mu lura da halin da mu ke ciki. Saboda rashin tsayayyar wutar lantarki, kusan kowace masana'anta tana da janareto, sau da yawa kuwa a rumfa ɗaya a ke ajiye shi da kwamfuresa don sauƙin gadi. Hayaƙin man gas ɗin da janareto ya fitar shi kwamfuresa zai zuƙa. Ashe inji marar mai ma yana iya ba da iska mai ɗauke da tururin mai, balle ƙura da ruwa waɗanda ba ruwansu da irin injin.

Tun da ƙazantar iri-iri ce, mataci ɗaya ba ya isa, jere su a ke yi, kowane yana tsaron na bayansa, kamar yadda mai tankaɗe ba ta fara da rariyar laushi. Na farko shi ne mai raba ruwa, wanda ke juya iska kamar guguwa har ruwan ya fantsama jikin bango ya gangara ƙasa. Sa'an nan sai mataci mai tara ɗigo. A cikinsa akwai zaren gilas mai laushin gaske da aka cusa, ƙananan ɗigon mai da na ruwa suna mannewa a jikin zaren, suna haɗuwa da juna har su yi nauyi su zubo. Shi ma hawa biyu ne, na gama-gari mai kama abin da ya kai maikuron 1, da mai tsanani wanda ke kaiwa har maikuron 0.01. Wanda ya sa mai tsananin shi kaɗai don ya rage kuɗi, ba da jimawa ba zai toshe, ya zama an ɗora wa ɗan tsako kayan jaki. Tururin ruwa ba aikin mataci ba ne sam, sai injin busar da iska, ko mai sanyaya ta kamar firiji, ko mai tsotse laima da waɗansu ƙwayoyi. Idan irin na biyun ne, sai an ƙara mataci a bayansa, don ƙwayoyin suna gugar juna suna yin gari. A ƙarshe, in aikin ba ya son ko warin mai, sai a sa na gawayi, wani gawayi ne da aka gasa ta hanya ta musamman har ya yi ƙofofi ba iyaka, shi ke tsotse tururin mai. Amma in ɗigon mai ya kai gare shi, ya mutu nan take, don haka ba a sa shi sai a bayan masu tara ɗigo.

Yanzu ta yaya akawu, wanda bai karanta aikin injiniya ba, zai san wanda za a saya? A nan ne abin ya zo da sauƙi, domin an riga an yi masa aikin. Ƙungiyar ma'aunai ta duniya, ISO, wadda hukumar SON ta Nijeriya ke cikinta, ta fid da wata ƙa'ida mai lamba 8573-1 tun 1991, aka gyara ta a 2001, aka sake gyarawa a 2010. Ƙa'idar ta raba tsabtar iska aji-aji, ana rubuta ta da lambobi uku a jere: ta fari ta ƙura, ta biyu ta ruwa, ta uku ta mai. Ƙaramar lamba ita ce mafi tsabta. Wajen mai, aji 1 bai yarda a wuce miligiram 0.01 a kubik mita ba, aji 2 miligiram 0.1, aji 3 miligiram 1, aji 4 kuwa miligiram 5. Wajen ruwa ana duban matakin sanyin da raɓa za ta fara sauka cikin bututu: aji 4 digiri 3 ne, wanda injin busarwa mai kama da firiji ya ke iya kaiwa, aji 2 kuwa digiri 40 ƙasa da sifiri, wannan sai mai tsotse laima.

Saboda haka tambayar farko ba wane mataci ya fi kyau ba ce. Tambayar ita ce, me iskar za ta taɓa? Mai facin taya a bakin hanya ba ya bukatar kome sai ya riƙa zubar da ruwan tankinsa. Mai kwance ƙusoshi da bindigar iska, mai raba ruwa da mataci na gama-gari sun ishe shi. Mai fenti tilas ya kawar da mai, in ba haka ba fentin ya yi ƙuraje. Iskar da ke taɓa abinci kai tsaye, irin ta injin tsince shinkafa, ƙungiyar masu wannan sana'a ta Ingila ta taɓa ba da shawarar aji 2:2:1. Injin oksijin na asibiti kuwa, masu ƙera shi kan nemi a ba shi iska mai aji 1:4:1.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan na asibiti, don a ga dalili. Iskar da mu ke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Injin yana tura matsattsiyar iska cikin tankuna biyu cike da waɗansu ƙwayoyi da a ke kira ziyolait, su kuwa halinsu shi ne su riƙe naitirojin su bar oksijin ya wuce. Sa'ad da tanki ɗaya ke aiki, ɗayan yana amayar da abin da ya riƙe, haka su ke karɓa-karɓa dare da rana, a sami oksijin mai tsabtar kashi 93 cikin 100, ko sama ko ƙasa da kashi 3. To, ziyolait ya fi ƙaunar ruwa bisa naitirojin, mai kuma in ya shafe shi ba ya wankuwa. Ranar da mataci ya kasa, ba ƙara za a ji ba, ba hayaƙi za a gani ba. Injin zai ci gaba da ruri kamar kullum, sai dai tsabtar oksijin ta riƙa sauka a hankali, yaron da ciwon haƙarƙari ya kwantar yana shaƙar abin da bai kai ba. Gyaransa kuwa sai an zubar da ziyolait ɗin duka an sayo sabo daga waje. Ban da wannan, mai da oksijin mai matsi ba su haɗuwa lafiya, gobara su ke haifarwa.

Mun ce a nemi tsabtar da aiki ke bukata. Haka nan kuma mu ke cewa kada a zarce ta, domin kowane mataci yana da haraji. Iska ba ta ratsa shi sai ta yi asarar wani abu na ƙarfinta, injin kuwa tilas ya ƙara wahala ya cike gurbin. Abin da injiniyoyi suka daidaita a kai shi ne, duk ƙarin bar 1 yana cin ƙarin wuta wajen kashi 7 cikin 100. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A, inda masana'antu da yawa su ke, daga Naira sittin da 'yan kai zuwa Naira 225 kowane yunit. Mu ɗauki injin nan namu na ɗazu, mai cin wajen kilowat 55. In ya yi awa 4,000 a shekara ya sha yunit 220,000, watau Naira miliyan 49 da rabi a bisa wancan farashi. Idan toshewar matatai ta sa an ƙara matsi da rabin bar kawai, asarar ta haura Naira miliyan ɗaya da rabi a shekara, ba wanda zai gan ta a rubuce, gama ta ɓuya cikin takardar kuɗin wuta. Wanda ke aiki da janareto tasa ta fi haka. Dabarar masu hankali ita ce a tace iskar masana'anta duka tacewa matsakaiciya a ɗakin inji, sa'an nan a sa mai tsanani a bakin wurin da ke bukatarsa kaɗai.

Girman mataci ma abin lura ne. Ba da kaurin bututu a ke zaɓensa ba, da yawan iskar da za ta ratsa shi ne. Adadin da masu ƙira su ke rubutawa a takardunsu galibi sun auna shi ne a bar 7, da zafin digiri 20 ko 21. In matsin masana'anta bai kai haka ba, iskar ta fi faɗi, sai an sayi mataci mafi girma. Akwai jadawalin gyara a cikin takardun, a nemi mai sayarwa ya nuna shi. Zafi kuwa mu ne ya fi shafa. A watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, ana haura digiri 40 a inuwa, ina kuma ga ɗakin inji mai rufin kwano? Iyakar zafin iska, iyakar yawan man da ke zama tururi, iyakar kuma saurin cikar gawayi. Gawayin da zai yi wata da watanni a Jamus ba zai yi haka a nan ba.

Sai maganar da ta fi damunmu. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ɗaya da a ke samu a kan Naira 460 da 'yan kai a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Zuciyar mataci, watau abin nan na ciki da a ke cirewa a sake, daga waje a ke kawo ta. Da kuɗinta ya ninka, sai mutane suka shiga ɗayan biyu: ko su bar tsohuwa ta yi ta aiki, ko su sayi mai araha wadda ba a san asalinta ba. Araha dai ba ta ado. Zuciyar jabu a ido ba ta da bambanci da ta gaske, sai dai zaren cikinta da mannin bakinta. Akwai wata ƙa'ida kuma, ISO 12500, wadda ta tsara yadda a ke jarraba mataci. Mai saye yana da iko ya ce a nuna masa shaidar jarrabawar, har da asarar matsi sa'ad da zuciyar ta jiƙe da mai, ba tana busasshiya fil daga kwali ba.

Masu ƙira kan ce a sake zuciya kowace shekara, ta gawayi kuwa tun kafin haka. Waɗansu su kan dogara ga ɗan agogon da ke bisa mataci, mai nuna bambancin matsi tsakanin shiga da fita, su ce ai allura ba ta kai ja ba tukuna. Agogon yana da amfani, amma yana da ruɗi. Zuciyar da ta yage ba ta tare iska, saboda haka allura sai ta koma kore, alhali ƙazanta na wucewa salin alin. Na gawayi kuwa ko ya cika maƙil agogo ba ya nunawa.

Kwanakin baya mun kai ziyara wata makarantar koyon sana'a, muka shiga ɗakin koyon fenti. Kwamfuresa sabuwa ce, matatai uku a jere, ba abin da aka rage wajen saye. Muka ce wa wani yaro ya buɗe magudanar da ke ƙarƙashin na farko. Abin da ya zubo ruwa ne ja mai kauri, ya kusa cika kwanon sha. Ba wanda ya taɓa gaya musu ana buɗe wurin. Malamin, mutum mai ƙoƙari, ya ce tun farkon zango ya ke mamakin abin da ke sa fentin yara yin ƙuraje, har ya fara zargin mai kawo fenti. Ba mu ga laifinsa ba, domin shi ma ba a koya masa ba. Ruwan da ya taru a gindin mataci, in ya kai ga zuciya, iska ce za ta kwashe shi ta yi gaba da shi, kamar ba a sa matacin ba. Akwai magudana mai buɗe kanta, ita ya kamata a saya, amma ita ma tana toshewa, sai ana dubawa. Abin da ta zubar kuwa gaurayen mai ne, bai kamata a sake shi cikin kwata ya bi unguwa ba.

Ga abin da mu ke roƙon akawuna. Idan takardar sayen kwamfuresa ko injin oksijin ta zo teburinku, kada ku bari ta wuce da kalmar “da matatansa” kawai. Ku mai da ita ga injiniya ya rubuta ajin da a ke so da lambobinsa uku, da yawan iska, da matsi, da zafin wurin da za a girka injin. Ku tambaya a ina za a ajiye shi, kusa da janareto ko nesa. A sa cikin kwangila cewa ɗan kwangila zai kawo zukatan canji na shekara biyu tare da injin, a rubuta lambar kowace a littafin sito, don kada ranar bukata a rasa sunan abin da za a nema. Sa'an nan a buɗe wa kuɗin canjin nan layi nasa a cikin kasafin kowace shekara. Mun sani sarai kuɗin sayen sabon abu ya fi na kiwonsa sauƙin samu, gama ba a kiran taro a yanka ƙyalle don an sake filta. Amma mai riƙe da alƙalami shi ke iya tuna wa shugabansa.

Malaman sana'a kuma, darasin nan ba ya bukatar kayan waje. Farin ƙyalle da aka tara a bakin bututu na minti kaɗan zai nuna wa yara ko akwai ruwa ko ɗigon mai, ko da ya ke ba zai nuna tururi ba. A rataye kati a jikin kowane mataci, a rubuta ranar da aka sa zuciya da ranar da za a sake ta, a ba yaro ɗaya aikin buɗe magudana kowace safiya, ana juyawa mako-mako kamar sharar aji. Masu lura da sito kuwa su tuna kayan waje suna daɗewa a hanya: zuciyar da a ke so a sa kafin hazon Nuwamba, tun cikin Agusta ya kamata takardarta ta bar ofis.